Malamin fiziks ta Zoom a makarantar ƙauye, ku ba ni shawara

Mataimakin Firinsifal:
Assalamu alaikum malamai da iyaye na wannan zaure, barkanmu da war haka. Shawara nazo nema, kuma dan Allah wanda ya taɓa gani da idonsa ya fara magana. Makarantarmu sakandaren jeka ka dawo ce a ƙauye, tun zangon da ya wuce aka yi wa malamin fiziks ɗinmu canjin wajen aiki har yau ba a turo wani ba, ɗan bautar ƙasan da yake ɗan taɓa musu shima ya gama ya tafi. 'Yan SS2 kullum idan lokacin fiziks yayi sai dai su zauna suna kwafar nota daga littafin 'yan bara, baɗi kuma WAEC da NECO na jiransu. To wani tsohon ɗalibinmu dake digiri na biyu a Malesiya ya kira ni yace zai iya ɗaukarsu sau biyu a sati ta Zoom, kyauta, albarkacin makarantar da tayi masa rana. Mu namu shine mu samo talabijin ko majigi, laftof, data da wuta. Firinsifal yace in bincika kafin mu kai maganar gaban PTA. Ni dai zuciyata ta rabu biyu wlh.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da naji an ce Zoom gabana faɗuwa yake. Lokacin korona da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 makarantar yarana ta koma Zoom, yara uku waya ɗaya, wayar ma ta babansu ce da yake fita da ita kasuwa. Ranar da ya bar ta a gida data ta ƙare kafin azahar, ranar da akwai data babu caji, ranar da duk akwai sai hoton malama ya tsaya cak bakinta a buɗe yara suyi ta kiran anti anti. Daga baya darasin da ake sawa a rediyo muka koma ji, gsky shi ya fi mana amfani. Kuma fa kuɗin makaranta ba a rage ko sisi ba.

Malamar Turanci:
Maman 'yan biyu duk abinda kika faɗa haka yake, nima na koyar a wannan lokacin kuma nasan irin wahalar da aka sha. Amma ki lura abinda Malam yake tambaya daban ne. Na korona kowane yaro yana gidansu, kowa sai ya nemi wayarsa da datarsa da wutarsa. Wannan kuwa yara suna aji ɗaya a zaune, na'ura ɗaya ce, data ɗaya, kuma akwai babba a tsaye a kansu.

Baba Mai Ritaya:
Shekara talatin da biyar nayi ina riƙe alli kafin in ajiye, ku bari in faɗi nawa ko ba zai yi daɗi ba. Koyarwa ido ce. Ina tsaye gaban allo ina ganin yaron da ya sunkuyar da kai nasan bai gane ba, ina ganin yarinyar da take son tambaya kunya ta hana ta, sai in taka har bencinta in duba littafinta. Mutumin da yake Malesiya a cikin akwati ta yaya zai ga wannan? Na biyu kuma shine ya fi damuna. Ranar da ofishin shiyya suka ji cewa kun samu mafita, sunan makarantarku ya fita daga jerin masu neman malami kenan. Kun taimaki masu sakaci da hannunku. Yau fiziks, gobe ace ai kemistiri ma a haɗa makarantu biyar da malami ɗaya a talabijin, yaranmu masu NCE da digiri suna zaune a gida babu aiki.

Mataimakin Firinsifal:
Allah ya ƙara girma Baba, wannan ta biyun ban ma kawo ta a raina ba. Amma takarda uku muka rubuta Baba, shiru. Su kuma yaran lokaci ba ya jiransu.

Baba Mai Ritaya:
Ku rubuta ta huɗu. Kuma ku sa shugaban PTA da mai gari su kai da kansu.

Ɗalibin Ilimi:
Baba ranka ya daɗe, ina ganin maganarka ta farko ita ce ginshiƙin abin, kuma wuraren da suka yi wannan tsarin ya ɗore duk sun gane haka. Misali ƙasar Yurugwai a kudancin Amurka, sun so a koyar da Turanci a firamaren gwamnati amma basu da isassun malaman Turanci. A 2012 suka fara wani shiri ƙarƙashin Ceibal, hukumarsu ta sa fasaha a makarantu, tare da British Council, malami yana zaune a wani wuri, wani a cikin ƙasar, wani a Ajantina, wani har Filifin, ya shigo aji ta kiran bidiyo sau ɗaya a sati. Sauran darussa biyu na satin malamin ajin ne yake yinsu da yaran, yana bin tsarin da suka shirya tare, alhali shi kansa ba gwanin Turanci bane, yana koya ne tare da yaran. Wato darasi ɗaya daga nesa, biyu daga wanda yake cikin ajin. Haka a jihar Amazonas ta Birazil, tun 2007 suke watsa darasi daga sutudiyo a Manaus ta tauraron ɗan adam zuwa ƙauyukan bakin kogi da sai da jirgin ruwa ake zuwa, kuma kowane aji akwai malami a ciki mai kula da yara da miƙa tambayoyinsu. Babu inda aka bar yara da talabijin su kaɗai. To Malam tambayata gareka, waye zai tsaya a ajin?

Mataimakin Firinsifal:
Akwai malamin lissafinmu, yayi fiziks a NCE a matsayin darasi na biyu amma yace ya daɗe rabonsa da shi, tsoro yake ji kar ya koyar da kuskure.

Ɗalibin Ilimi:
To ai shine mutumin. Su riƙa magana da na Malesiyan kafin kowane darasi ko ta WhatsApp ne, ya san me za a yi. Bayan zango biyu zaka ga shi kansa ya dawo da abinsa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salam 'yan uwa. Mu nan Ghana an yi irin wannan, sunansa MGCubed, gidauniyar Varkey ta fara shi a 2014. Malamai suna sutudiyo a Akara suna koyar da lissafi da Turanci kai tsaye zuwa makarantun karkara a yankin Volta da kewayen Akara, aka sa musu sola da dish da majigi, yara suna iya tambaya a basu amsa nan take. Kuma kowane aji da malamin makarantar a ciki wanda aka horar dashi. Amma in faɗa muku gsky kuɗin daga waje ya zo, daga gwamnatin Ingila, shi yasa kayan suka cika. Ku da zaku yi da kuɗin PTA kuyi lissafi tun yanzu, batir idan ya mutu wa zai sayi wani.

Mushe daga Damagaram:
Sannunku da hira. Mu a Nijar abin ba sabo bane, tun 1964 aka fara gwada koyarwa ta talabijin a lakwal na firamare wajen Yamai da taimakon Faransa, ana sa darasi a tele, a cikin aji kuma akwai mai kula da yara wanda bai yi dogon horon malanta ba. Abin bai bazu ƙasa duka ba. Wancan ma yaro ba ya iya tambayar mai magana a tele, naku ya fi tunda ana ji ana amsawa. Ni abinda zan ce Malam ka gwada rezo, wato sabis, a cikin ajin da kansa, a daidai lokacin da za a yi darasin, kwana uku a jere. Kar ka gwada a ƙarƙashin bishiya ko ofishin darakta kace ya yi. Rezon safe daban, na rana daban, na ranar kasuwa kuma daban saboda mutane sun cika gari kowa yana kira.

Mai Haɗa Sola:
Yauwa an zo wajena. Malam ka manta da majigi. Majigi yana shan wuta wat ɗari biyu zuwa ɗari uku, kuma sai an rufe tagogi ɗaki yayi duhu kafin a ga hoto, ka rufe tagogi akan yara hamsin a watan Afrilu ƙarƙashin kwano ai ka san abinda zai biyo baya. Ku nemi talabijin mai faɗi inci 43 ko sama, bai kai wat ɗari ba, laftof kuma wajen sittin. Ƙaramar inbata da batir ɗaya da fanel biyu sun riƙe muku wannan, kuma darasin da rana ne ana yi rana na cika batir. Kar ku dogara da NEPA ko kaɗan, kowa ya tuna watan Oktoba na 2024 da yawancin arewa tayi kwanaki a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Janareta kuma tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba abin makarantar ƙauye bane, banda ƙararsa da zata cika makirufo. Sai maganar ɓarayi, a ɗaure fanel da ƙarfe a yi walda, talabijin kuma a riƙa mayar dashi ɗaki mai ƙofar ƙarfe kullum.

Maman 'Yan Biyu:
Data fa? Naga an ƙara kuɗi.

Mai Haɗa Sola:
Eh Hajiya, hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Kiran bidiyo na awa ɗaya zai iya cin kusan gig ɗaya idan an bar hoto a mai kyau sosai, idan aka kashe HD ya ragu da yawa. Sau biyu a sati dai in aka sayi na wata guda ba zai gagari PTA ba. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, yana Najeriya tun Janairun 2023 kuma yana aiki inda babu sabis, amma kuɗin kayan da na wata wata ya fi ƙarfin makaranta ɗaya sai dai in wani mai hali zai ɗauki nauyi.

Malamar Turanci:
Bari in ƙara abinda babu wanda ya taɓo, kuma a wajena shine ya fi komai: sauti. Na taɓa haɗa ajina da wata ƙawata malama dake Ingila don yara suji yadda ake furuci, mun shirya komai hoto tar, ashe bata jin komai daga wajenmu sai guuu. Makirufon laftof yana ɗaukar ƙarar fanka da jan benci da tarin yara da awakin dake bayan taga, yarinya ta miƙe a layin baya tayi tambaya mai kyau ita kuma sai cewa take a maimaita, sau uku, yarinyar ta zauna bata sake ɗaga hannu ba har aka tashi. Wannan abin ya tsaya min a rai. Sati na gaba na aro makirufo marar waya irin na masu wa'azi, na sa yaro ɗaya aikinsa kawai ya kai wa mai tambaya, abin ya canza gaba ɗaya. Idan sabis yayi rauni a kashe kyamara a bar murya, darasi zai ci gaba. Idan murya ta lalace kuwa ko hoton ya kai na sinima an tashi. Kuma kar wani malami ya shiga kiran da wayarsa a cikin ajin lasifika a buɗe, ƙara zata tashi kiiii kamar a masallaci idan ladan ya matso kusa da sifika. Damina ma ku tuna da ita, ruwa akan kwano babu silin ba mai jin kowa.

Abban Ɗaliba:
Ni a matsayina na uba tambayata ɗaya. Akwai 'yan mata a ajin? Waye yake ganinsu ta wancan ɓangaren, kuma ana naɗar bidiyon? Ba zan so gobe in ga hoton 'yata yana yawo a TikTok ba.

Ɗalibin Ilimi:
Tambayarka a kan hanya take Alhaji. A 2020 an sha samun ɓata gari suna kutsawa cikin darussan Zoom, har Singafo ta dakatar da malamanta daga amfani dashi na ɗan lokaci a watan Afrilun shekarar bayan wasu sun kutsa wani aji sun nuna abin da bai dace ba. Daga nan aka tsaurara lambar sirri da ɗakin jira, wato babu mai shiga sai mai kiran ya buɗe masa. A nan ma abin da sauƙi tunda mutum biyu ne kawai a kiran, ajin da malamin. Kar a tura link a wani guruf. Kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye idan abu ya shafi bayanan yara, don haka a kai maganar gaban iyaye a rubuce su sa hannu.

Abban Ɗaliba:
In dai haka ne, kuma ba a naɗa, kuma malamin makaranta yana wajen daga farko har ƙarshe, ni zan sa hannu. Sannan duk tambayar da yara zasu yi masa bayan darasi ta bi ta hannun malamin, babu karɓar lambar waya tsakaninsa da ɗalibai mata. Ba zargi bane, tsari ne.

Mataimakin Firinsifal:
Wannan sharaɗin zan rubuta shi yadda ka faɗa Alhaji.

Baba Mai Ritaya:
Har yanzu ba a amsa min ɗaya ba. Fiziks akwai firaktikal, WAEC tana da takardarsa daban. Ta talabijin yaro zai riƙe ma'auni?

Malamin Kimiyya:
Allah gafarta Baba, a'a, kuma kar ma a gwada. Ɗauki gwajin lilo da kusan kowane ɗalibi yake haɗuwa dashi, a ɗaure ɗan ƙarfe da zare a rataye, a ƙirga lilo ashirin da agogo, a canza tsawon zaren a sake, a zana giraf a fitar da ƙarfin jan ƙasa wajen 9.8. Idan na Malesiya ne yake lilon suna kallo, hoto yana makara yana tsallake, ƙirgen ma ba zai yi daidai ba balle lokacin. Amma zare da ɗan dutse da rula da agogon waya ai akwai su a ƙauyen. A raba yara gida shida kowane da nasa lilon, malamin lissafi yana zagayawa, shi kuma na nesa yana kallo yana cewa wancan rukunin kun ja shi da yawa ku rage, ku fara ƙirga daga sifiri ba daga ɗaya ba. Sannan su karanto masa lambobinsu ya zana a allonsa kowa na gani. Hannun yara ne yayi aikin. Na wutar lantarki da na haske su kam sai an nemo kaya, batir da waya da madubi da gilashi, wannan ko malami na jiki aka turo sai an nema.

Baba Mai Ritaya:
To wannan na yarda dashi.

Malamar Turanci:
Malam ka lura kuma Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa, daidai da firiyod ɗaya, amma minti goman farko a haɗa waya da kana jina ina jinka suke tafiya. Ku sa shi a dabul firiyod, ko ku gwada Google Meet da kiran mutum biyu a cikinsa yake kaiwa har awa 24. Kuma Malesiya tana gabanmu da awa bakwai, goma na safe a nan biyar na yamma a can, ku tambaye shi lokacin sallah da na lakcarsa kafin a taɓa jadawali.

Mushe daga Damagaram:
Kuma ko yaushe mushen, wato malamin dake cikin aji, ya riƙe darasin a rubuce a kaye, wato littafin rubutu. Ranar da rezo ya ɗauke sai ya ci gaba a allo.

Malamin Kimiyya:
Haka ne, kuma ba ƙaramin yankewa kaɗai ba. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke wajen Kwaddibuwa ƙasashe da yawa suka shiga matsala, a Satumban 2021 kuma an rufe layukan waya gaba ɗaya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda tsaro, makonni ana haka. Ya riƙa turo bayanin darasi a takarda da ɗan saƙon murya kwana ɗaya kafin, a sauke a ajiye.

Mataimakin Firinsifal:
Slm jama'a, na dawo da labari bayan sati biyu. PTA sun amince da sharuɗɗan Alhaji, iyaye sun sa hannu banda mutum biyu da suka ce sai sun zo sun gani, kuma sun zo. Mun ari talabijin na gidan kallon ƙwallo tunda da safe ba ya aiki, wutar kuma daga solar mai cajin waya dake kusa da makaranta muka ja. Na gwada sabis kwana uku kamar yadda Mushe yace, ashe ajin SS2 babu komai a ciki sai ajin dake kusa da ƙofar shiga, dole muka yi musanyar aji. Ranar farko ya yanke sau biyu, na biyun ya kai minti bakwai, malamin lissafi ya ɗauki alli ya ƙarasa misalin da aka fara akan gudu da saurin ƙaruwarsa, da aka dawo na Malesiya ya duba allon ta kyamara yace daidai ne, naga fuskar malamin ta saki. Abinda ban zata ba shine da ya gabatar da kansa ya faɗi sunan unguwarsu yace a benci na uku gefen taga yake zama, ajin yayi tsit, wani yaro a baya ya tambaye shi da Hausa wai da gaske daga nan ya tafi har can. Ya koma Hausa ya basu amsa, daga nan duk inda Turanci ya cije sai ya warware da Hausa, hannaye suka fara tashi har na 'yan matan. Matsalar da ta rage sauti ce kamar yadda Malama ta faɗa, na baya sai sun taso gaba kafin ya ji su. Baba, takarda ta huɗu ta tafi ranar Litinin, mai gari da shugaban PTA suka kai.

Baba Mai Ritaya:
Madalla. Idan wata ya cika ba amsa ku sake komawa. Ka gaida min malamin lissafin.

Malamar Turanci:
Alhamdulillah Malam. Makirufon da nake dashi yana nan ba na amfani dashi wannan zangon, batir biyu ƙanana yake ci. In akwai motar da take zuwa wajenku ranar kasuwa ka min magana ta gefe in ba direba, ya isa kafin darasin Alhamis.